Riƙe Numfashi a Tudu Daban, a Ruwa Daban

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san wasan nan na yara: a nutse tare, wanda ya riga ɗagowa shi ne rago. Mu ma a Yawuri mun yi shi a Kwara, ba agogo ba alƙali. A Argungu kuwa, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, nutso yana cikin wasannin kabanci da manya ke gasa a kansu.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne ƙanena da ke zaune wurina a nan Legas. Ya ga masu ɗebo yashi suna nutsewa da bokiti a ƙarƙashin ruwa, sai ya ƙwallafa rai shi ma zai koyi nutso, irin wanda ake yi ba da tukunyar iska a baya ba. Kullum da dare sai ya miƙe bisa tabarma, ya kafa wa agogo ido, ya riƙe numfashi. Ran da ya kai minti 2 da rabi ya ce da ni saura ruwa. Na ce ya dakata tukuna.

Ga dalilina. Azabar nan da mutum ke ji in ya riƙe numfashi, wadda ke sa ciki ya riƙa harbawa, ba ƙarewar iskar oksijin ke kawo ta ba. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa ce ta taru a jini, ita ke buga ƙararrawa. Oksijin kuwa shiru yake ƙarewa, ba ya sallama. Mutum yana cikin jin daɗinsa sai kawai ya suma. To, in a tabarma ne, da ya suma jiki zai koma numfashi da kansa, ya farka da ɗan jiri. In a ruwa ne, numfashin nan na farko ruwa zai shaƙa. Ko ruwan bai wuce gwiwa ba ya isa.

Abin mamaki, ruwa yana taimakon mai nutso. Da zarar ruwa mai sanyi ya taɓa fuska, bugun zuciya yakan ragu, jijiyoyin hannu da na ƙafa su tsuke, jini ya koma wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Saifa ma takan matse ta ƙaro jini. A 2018 masu bincike sun tarar saifar mutanen Bajau na Indunusiya, waɗanda suka gaji nutso kaka da kakanni, ta fi ta maƙwabtansu girma da wajen rabi. Shi ya sa gwanaye da dama sun fi daɗewa kwance a ruwa bisa ga tudu. Wani Bafaranshe, Stéphane Mifsud, ya yi minti 11 da daƙiƙa 35 a 2009, amma fa yana kwance lamo, ga mutane kewaye da shi.

Sabon shiga bai cika samun wannan garaɓasa ba. Tsoro yana sa zuciyarsa gudu, ga shure-shure, kowane motsi kuwa iska yake ci. Mai minti 2 a ɗaki, da ƙyar ya yi rabin minti yana iyo a ƙasa. Nan ne girman kai ke shigowa, ya ce ai na san iyakata, alhali iyakar tabarma ya sani.

Akwai kuma dabarar da samari ke koya wa juna, wadda ni a ganina ita ce mafi muni: a yi ta jan numfashi da sauri kafin a nutse. Wannan ba ya ƙara oksijin na a zo a gani, gurɓatacciyar iskar kawai yake kora, watau an kashe ƙararrawa ke nan. Bugu da ƙari, a zurfin mita 10 nauyin ruwa yana matse iskar huhu ta koma rabi, wannan matsi kuwa yana tura oksijin cikin jini, mutum ya ji garau. Sai ya taso sama matsin ya saki, shi ya sa da yawa suke suma saura ƙiris su fito.

Ban hana yaron koyo ba, don hani ba ya kama ɗan shekara 19. Sharaɗi na kafa masa. A tudu ya yi a kwance, ba a tsaye ba, ba kuma a cikin mota ko bahon wanka ba. A ruwa kuwa sai da malami, ko abokin da ya iya ceto, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama yana kallonsa, kuma kada ya ɗauke ido sai ya ga ya fito ya yi numfashi na rabin minti lafiya. In ya suma, a fid da hancinsa da bakinsa daga ruwa nan take, a hura masa iska a fuska, a kira sunansa. In bai farfaɗo ba a ba shi numfashi baki da baki, a kuma nemi asibiti ko da ya tashi yana cewa ba komai.