Ranar da Malam ya Komo Gida

Ni malamar makaranta ce a garin Maraɗi. Ina koyar da aji uku. Mijina tela ne, yana da rumfa a bakin kasuwar unguwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don kun san mace ba ta kiran sunan mijinta. Malam nake ce masa. Yaranmu uku ne. A lokacin da wannan labari ya faru, ɗan farinmu yana da shekara 9, ƙanwarsa tana da shekara 6, auta kuwa watansa 14, bai daɗe da fara tsayuwa ba.

A farkon watan Nuwamba na shekarar 2017, bayan an gama yankan hatsi, Malam ya tafi ƙasar Pakistan tare da ƴan da'awa. Wataƙila kun taɓa ganinsu. Su ne mutanen da suke sauka a masallaci da tabarmi da tukwanensu, su kwana uku, suna bin gida gida suna tuna wa mutane salla. Sunan ƙungiyarsu Jama'atu Tablig. Wani malami mai suna Muhammad Ilyas ya kafa ta wajen shekarar 1926 a yankin Mewat, kudu da birnin Delhi na ƙasar Indiya. Ya rasu a 1944, amma aikin ya bazu cikin duniya har ya iso ƙasarmu. Wasu suna fita kwana 3, wasu kwana 40, wasu kuma wata 4, wato kwana 40 sau uku. Ba a biyan kowa. Mutum da kuɗinsa yake tafiya. Malam ya yi shekara uku yana tari, ya kuma sayar da bijiminsa, sannan kuɗin jirgi suka cika.

Ran da zai tafi, ya share keken ɗinkinsa, ya sa masa mai, ya kawo shi gida, ya rufe shi da tsohon zane. Ya dafa kan ɗan farinmu, ya ce: «Kai ne maigida har in komo. Kai za ka riƙa kulle ƙofa da dare.» Ni kuma ya ce mini: «Malama, na bar ku a hannun Allah.» Na ce: «Allah ya kiyaye hanya.» Ban ƙara kome ba. Amma akwai magana a cikina.

Washegari na ɗauki alli, na yi zane ɗaya a bayan ƙyauren ɗakina. Kowace safiya yara su ƙara ɗaya. In sun kai goma, mu kewaye su. Na ce musu ran da muka kewaye goma sau goma sha biyu, ran nan Baba yana hanya. Da haka ɗiyata ta koyi ƙirga har 120.

A aji ma na buɗe taswira, na nuna wa yara inda Pakistan take. Ku ma ku duba. Ku sa yatsa bisa Nijar, ku yi gabas. Ku wuce Cadi da Sudan, ku ƙetare Bahar Maliya, ku wuce ƙasar Makka, ku ƙara ƙetare ruwa, ku wuce Iran. To, ga ta nan, tana maƙwabtaka da Indiya. An kafa ta a shekarar 1947. Babbar cibiyar ƴan da'awa ta ƙasar tana wani gari mai suna Raiwind, kusa da birnin Lahor. Da yake duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, rana tana riga fitowa can kafin nan. Tsakaninmu awa 4 ne. In muna shirin sallar azahar, su rana tana faɗuwa a wurinsu. In na kwanta ƙarfe goma na dare, Malam ya daɗe da yin barci.

Ba ya yawan kiran waya, don an hore su da su rage hulɗa da ita. Bayan mako biyu ko uku muke jin muryarsa. Kullum tambayarsa ɗaya ce: «Lafiya kuke?» Ni ma amsata ɗaya ce: «Lafiya lau.»

Amma ba kullum muke lafiya lau ba. Da asuba nake tashi in dafa kunu, in yi wa yara wanka, in goya auta in kai shi wurin Inna, uwar Malam, sannan in wuce makaranta. In na taso, ni ce kasuwa, ni ce famfo, ni ce biyan kuɗin wuta. Da dare in gyara littattafan yara fiye da 60. Keken ɗinki yana rufe, ba abin da yake shigowa sai albashina.

Cikin watan Disamba, da hunturu ya yi ƙarfi, auta ya kama tari. Dare na uku jikinsa ya yi zafi rau, numfashinsa yana fita da sauri, haƙarƙarinsa suna shiga ciki. Ƙarfe biyu na dare na buga ƙofar maƙwabcinmu, ya ɗauke mu bisa babur zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya ce da mun ƙara kwana guda, da abin ya yi muni. Muka kwana shida a can. Kuɗin da Malam ya bari suka ƙare. Ina da wata tunkiya da nake kiwo da ɗanta, ina tanadinsa don layya. Na sa aka kai su kasuwa duka biyu. Allah ya taimake mu, yaro ya tashi.

Bayan kwana biyu da komowarmu, Malam ya kira. Ya ce: «Lafiya kuke?» Na dubi auta ya rame, na ce: «Lafiya lau.» Inna ta ce na kyauta, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi shiru. Ni na san ba haƙuri kaɗai ya rufe mini baki ba. Akwai fushi a ciki.

Da zanen bayan ƙyaure ya kai 110, sai gida ya ɗauki shiri. Muka share ko'ina, muka fid da shimfiɗu rana, aka shafe zaure da farar ƙasa. Na je kitso, na sa lalle, na sayo turaren wuta. A waya ta ƙarshe na tambaye shi abin da yake marmari. Na zaci zai ce nama. Sai ya yi dariya, ya ce: «Tuwon hatsi da miyar kuka. Sai fura mai sanyi.»

A farkon watan Maris na 2018 jirginsu ya sauka a filin Diori Hamani na Yamai. Ya kwana can, da asuba ya shiga babbar mota. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. Ya kira daga Doso, ya kira daga Dogon Dutsi, ya kira daga Birnin Ƙwanni. Mutumin da ya yi wata huɗu yana rowar waya, ran nan sau biyar ya kira. Ƙanensa da ɗan farinmu suka tafi tasha. Ni na tsaya gida, ina ta leƙen tukunya, alhali ba abin da ya rage a dafa.

Bayan la'asar na ji hayaniyar yara a waje: «Ga Baba! Ga Baba!» Ya yi sallama, ya shigo. Na ɗan tsaya ina kallonsa. Ya rame, gemunsa ya ƙara tsawo, ga farin rawani da ban san shi da shi ba. Ya fara zuwa gaban Inna, ya durƙusa. Ta riƙe kansa tana kuka. Na kawo ruwa cikin kwano, na durƙusa, na ce: «Malam, sannu da zuwa. Ya hanya?» Ya ce: «Alhamdu lillahi. Malama, mun same ku lafiya?» Na ce: «Lafiya lau.»

Sai ya miƙa hannu zai ɗauki auta. Ya tafi ya bar shi yana rarrafe, yanzu ga shi yana gudu. Yaro ya dubi gemu, ya dubi rawani, ya ƙwala ihu, ya ɓuya bayan zanena. Mutane suka yi dariya, suka ce ƙiwa ce. Malam ma ya yi dariya, amma na ga hannunsa ya daɗe a miƙe kafin ya mai da shi.

Kwana uku gidanmu bai rabu da mutane ba. Dangi, maƙwabta, abokan kasuwa, ƴan'uwansa na da'awa, kowa ya zo barka da zuwa. Yana zaure yana ba su labari, ni ina madafa ina jiyo kaɗan kaɗan. Ya ce sanyin Lahor ya fi namu, hazo yakan rufe gari har mutum bai ganin abin da ke gabansa. Ya ce ƙasar Fanjab kore ce shar ko da rani, don an ja ruwan koguna cikin magudanai zuwa gonakin alkama. Ya ce abincinsu gurasar alkama ce da miyar wake mai yaji, da shayi mai madara. Harshensu Urdu, da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi, kamar ajaminmu. Sun kwana a masallatai da yawa, su ke dafa abincinsu, su ke wanke kayansu. Ya raba tsaraba: tasbaha, huluna, turare. Ni ya kawo mini mayafi mai laushi. Na yi godiya, na ajiye shi cikin akwati.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, amma wannan baƙo ba mai tafiya ba ne, maigida ne. Sai ga shi bai san inda muke ajiye ashana ba, bai san kuɗin tiyar hatsi ba. Dare na farko ya tashi ya kulle ƙofa kamar yadda ya saba. Ɗan farinmu yana tsaye da makulli a hannu. Bai ce kome ba, ya je ya kwanta bai ci tuwo ba. Ni ma in za a sayi wani abu, sai in ga na riga na yanke, na manta da akwai wanda ake tambaya.

Dare na huɗu baƙi suka ɗauke ƙafa. Yara sun yi barci. Malam ya zagaya bayan ɗaki, ya ga turke ba kome. Ya komo ya ce: «Malama, ina tunkiyarki?»

Na gaya masa duka: tarin, babur ɗin, kwana shidan, kasuwar. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce: «Me ya sa ba ki gaya mini ba?»

Na ce: «In na gaya maka, me za ka yi daga can? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, ina jin haushinka. Ka yi shekara uku kana shirin tafiya. Ka shawarci abokanka, ka shawarci Inna. Ni sai da aka sayi tikiti ka gaya mini. Ban ƙi aikin Allah ba, Malam. Amma tafiyar nan mu biyar muka yi ta, kai kaɗai ka shiga jirgi.»

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Gabana yana faɗuwa. Na zaci zai tashi ya fita. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce: «A can, ko shinkafa za a dafa sai an zauna an yi shawara, babba da yaro kowa ya faɗi nasa. Kwana 120 ina yin haka da mutanen da ban sani ba. Ke kuwa sanar da ke na yi, ban shawarce ki ba. Ki gafarta mini.»

Na ce: «Ni ma ka gafarta mini. Ka tambaye ni lafiya, na ɓoye maka. Ɗanka ne, kana da hakkin ka sani, ko addu'a ka yi masa.»

A daren nan muka yi alkawari biyu. Ba zai ƙara doguwar fita ba sai mun zauna tare mun duba rumbu, mun duba shekarun yara, mun ware kuɗin magani dabam. Ni kuma in ya tambaye ni lafiya, gaskiya zan faɗa, mai daɗi ko marar daɗi.

Da safe ya kira ɗan farinmu, ya ce: «An gaya mini wata huɗu ba ka manta da ƙofa ba ko sau ɗaya. Riƙe makullinka. Aikinka ne.» Yaro ya yi murmushi, ya ci kunu kwano biyu.

Saura auta. Malam ya gwada alewa, ya gwada dabino, ya cire rawani, duk a banza. Na ce ya ƙyale shi, sannu ba ta hana zuwa. Rana ta tara ya yaye zanen da ya rufe keken ɗinki, ya kakkaɓe ƙura, ya sa zare. Wandon makarantar ɗan farinmu ya yage, shi ya fara ɗinkewa. Keke ya fara ƙara: ƙir, ƙir, ƙir. Auta yana wasa da ƙasa a tsakar gida. Ya ɗaga kai. Tun yana jariri yake jin wannan ƙara in na biya da shi rumfa. Ya tashi, ya tako sannu sannu, ya tsaya bakin ƙofa. Malam bai dube shi ba, ya ci gaba da taka keke. Yaro ya matso, ya dafa gwiwarsa, ya ce: «Baba.»

Ran nan na fid da mayafin daga akwati na yafa. Na ɗauki tsumma da ruwa, na goge zanen allin da ke bayan ƙyaure. Kwana 120 muka ƙirga, amma a lissafina Malam ya komo gida a kwana na 129.

Yara, da yawa cikinku kuna da wanda yake nesa, ko wurin karatu, ko wurin neman kuɗi, ko wurin wa'azi. Ran da ya komo, ku tare shi da ruwa da fara'a, ku saurari labarinsa. In baƙi sun watse, ku ma ku ba shi naku, don wanda ya tsaya gida shi ma yana da labari.

Tambayoyi

1. In ƙarfe 8 na safe ne a Maraɗi, ƙarfe nawa ne a Lahor?
2. Me ya sa malama ta sayar da tunkiyarta?
3. Waɗanne alkawura biyu Malam da malama suka yi?
4. Me ya sa malama ta ce Malam ya komo a kwana na 129?