Zauren Goggo A Birnin Zariya

 Duk wadda ta tashi a cikin birni, ko Kano ko Katsina ko Zariya, ta san darajar zaure, wanda mu Kanawa muka fi kira soro. Nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, nan ake tuɓe takalmi a karkaɗe ƙura, nan maigida ke shimfiɗa buzunsa, kuma nan ne (kar ku yi dariya) ake shimfiɗa wa mai zuwa zance tabarma. Amma wurin da ba a son ambata, wato makewayi, shi ne sau da yawa yake riƙe da ran gidan ƙasa gaba ɗaya. A Zariya na ga haka da idona, a watan Disamba na 2023.

Daga tashar Unguwa Uku na hau mota, muka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai, hazo ya rufe gonaki ko bishiyar bakin hanya da ƙyar ake gani. Da ka wuce Tudun Wada ka shiga Ƙofar Doka, to ka shiga wata duniya daban. Lunguna ne ƙanana masu karkace-karkace, ga gidajen bulo sababbi, ga kuma tsofaffin gidajen tubali a tsakaninsu da zankwayensu a sama kamar kunnen zomo. A fuskar wasu har yanzu ana ganin zanen da aka san Zage-zagi da shi, dagi da takobi, wani ma har da keke. Wasu an kula da su, wasu kuwa damina ta cinye rabin zanen, abin tausayi.

Gidan Goggona, yayar mahaifina, yana can cikin lungu ba nisa da Babban Dodo. Abin da ya kai ni shi ne bikin autarta da aka sa, saura mako shida. Ina shiga na tarar ana cacar baki a tsakar gida. Babban ɗanta, wanda muke kira Yaya Babba, ya kafe a kan a rushe zauren a yi shago na bulo a ba da haya, don a cewarsa bangon ya gama yawo, kuma abin kunya ne dangin ango su zo su zauna a ciki. Goggo kuwa tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta ce, "Zauren da mahaifinku ya yi shekara da shekaru yana ba da karatun allo a ciki? Sai dai in bayan raina." Amarya tana gefe ta sunkuyar da kai, ita dai a nan aka fara yi mata sallama, ba sai an tambaye ta ra'ayinta ba.

Gaskiya Yaya Babba bai yi ƙarya ba. Zauren ya ji jiki. Bangon kudu ya jiƙe daga ƙasa har zuwa gwiwar mutum, alhali rabon gari da ruwan sama tun watan Oktoba. Simintin da wani ya taɓa shafawa a jikinsa shekarun baya ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ga wani wari-wari na danshi. Amma da ka ɗaga kai sai ka manta da wannan duka, domin rufin daurin guga ne, bakan gizo biyu sun gitta juna, azara a jere tsaf kamar kitso.

Goggo ta aika aka kira wani tsohon magini na unguwar, ta ce ko shawara ce ya ba mu, tunda kuɗin ɗaukar ma'aikata babu, duk sun tafi kayan ɗaki. Dattijon ya shigo, ya shafa bangon, bai ce komai ba, sai ya tambaya, "Hajiya, me ke bayan nan?" Aka ce makewayi ne. Ya ce a yi masa iso.

Ke 'yar uwa, a nan asiri ya tonu. Ɗan wuri ne da bai fi taku huɗu ba, babu rufi, gefe guda masai, gefe guda wurin wanka. Daɓen ya lotsa ta wajen bangon zaure, rariyar kuma tana can ɗaya ɓangaren, ta toshe da gansakuka da ledar sabulu. Ashe duk ruwan wankan mutum goma sha ɗaya, safe da yamma, a gindin bangon zaure yake kwanciya yana tsumawa. Baba magini ya ce mana ginin ƙasa abu biyu yake tsoro, ruwa a kansa da ruwa a ƙafarsa, kuma na ƙafar ya fi mugunta don ba a ganin sa. Ya ce simintin da aka shafa wa bangon ƙara cutar da shi ya yi, saboda siminti da ƙasa ba sa kama juna, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki. Na tuna nan ne Goggo ta taɓa zamewa ta yi wata guda tana jinyar ƙugu. Jikina ya yi sanyi.

Abu ɗaya ya hana mu taɓawa, shi ne bakin masai. Tsohon daɓe ne a kan azara, kuma azara in ta sha danshi shekaru tana iya karyewa da mutum a kai. Wannan shi da yaronsa suka yi, suka zuba sabon murfi na kankare da rodi, suka daidaita mazaunin kudu da arewa don kada mai shiga ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ina roƙon ku kada wadda ta yi karambanin taɓa irin wannan aiki da kanta. Sauran kuwa ya ce namu ne, zai riƙa leƙowa.

Muka ɗaura ɗankwali a ƙugu, ni da amarya da ƙawayenta uku da ƙannenta maza biyu. Yaya Babba da ya ga da gaske muke, shi ya sayo siminti buhu huɗu, kowanne kilo 50, yana ta ƙunƙuni. Da fari muka fasa tsohon daɓen muka kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar a kwanon sarki. Samarin suka jera siririn bulo a jikin bangon daga ciki, tsayin ƙugu, suka shafe shi da siminti, don ruwan wanka ya riƙa dukan bulo ya ƙyale ƙasa. Kwaɓin daɓen kuwa awo ne da shi: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gangare. Dole daɓen ya sunkuya wajen rariya kamar santimita 2 a kowace mita, kuma da zare da ƙusa muka auna shi. Ƙawayen amarya sun so a sa tayil mai ƙyalli irin na gidajen Abuja. Ni dai ban goyi baya ba, kuma har gobe ina kan bakana: tayil mai santsi da ruwan sabulu da tsohuwa ba sa haɗa hanya. Kafin simintin ya kama sai muka ja tsintsiyar kwakwa a kansa, ya yi kaushi-kaushi yadda ƙafa za ta riƙe. Muka kafa guntun bututun ƙarfe a jikin bulon don Goggo ta riƙa dafawa.

Ruwan kuma ba mu bar shi ya fita ya kwanta a gindin katanga ba. Bututun roba muka sa ya ɗauke shi zuwa kwatami da samarin suka haƙa suka cika da duwatsu, can nesa da rijiya iyakar yadda filin gidan ya ba da dama. Ma'aikatan lafiya suna son a sami kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma a cikin birni wa ke da wannan filin? Shi ya sa a gidan Goggo ruwan rijiya na wanki ne da wanka kawai.

Hunturu yana busar da siminti da wuri ya tsattsage, saboda haka kwana 7 muna yayyafa masa ruwa safe da yamma, mun lulluɓe shi da tsofaffin buhuna. A kwanakin nan gidan maƙwabciya muke zagawa da butocinmu. Ta sha tsokanata, wai Bakanuwa ta zo Zariya koyon tsafta. Na ce ai gara ni, na san bambancin "rigata" da "rigana". Wasan Kanawa da Zage-zagi ba ya ƙarewa.

Ana cikin jiran bushewar ne Goggo ta ce a kai ni in ga Masallacin Juma'a na kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an kewaye shi da sabon gini na zamani, amma aka bar tsofaffin bakan gizon na ƙasa daga ciki. Ƙasar nan dai da muke rainawa, ita ce ta yi kusan shekara 190 a tsaye. Da na dawo na sake kallon rufin zauren Goggo, sai na ga ashe ɗan ƙaramin jikan wancan ne.

Aikin zauren ya fi daɗi. Muka ɓamɓare simintin nan, ya riƙa zubowa falle-falle, muka bar bangon ya sha iska kwana biyar. Sannan aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, aka tattake ta da ƙafa, aka bar ta ta kwana biyu ta tsumu, muka cike ramukan da hannu muka yi yaɓe. Goggo da kanta ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tsohuwar randa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Shi ke sa yaɓe da daɓe su yi ƙarfi ruwa ya riƙa zamewa. Ƙawayen amarya duk 'yan sakandare ne da kwaleji, babu wadda ta taɓa jin sunansa.

Ranar daɓe kuwa biki aka yi kafin biki. Daɓe tun asali aikin mata ne, kuma da labari ya zaga lungu sai ga tsofaffi suna shigowa, wata da madaɓinta da ta ce rabonta da shi tun auren 'yarta ta fari. Aka baza tsakuwar birji, aka yayyafa ruwa, muka durƙusa a jere muna bugu, tsofaffin na ba da waƙa muna amsawa, Goggo na bi da ruwan makuba. Wallahi tafin hannuna sai da ya yi bororo, washegari ko cokali da ƙyar na riƙe. Amma daɓen ya fito sumul, ja mai duhu, yana sheƙi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Muka shafa farar ƙasa daga ciki, zauren ya yi haske. Ƙanin amarya ya haɗa 'yar kanta mai hawa uku da ragowar katako aka ajiye bayan ƙofa don takalma, tunda da can a bakin ƙofa ake zubar da su kowa na tuntuɓe. Aka kafa ƙusoshi na rataye tabarma da lema, aka share alkukin da ke bango aka sa fitila mai caji a inda a da ake ajiye aci-balbal. Babur ɗin Yaya Babba, wanda ya saba ɗiga baƙin mai a tsakiyar zauren, Goggo ta yanke masa hukunci: daga yau a shigifa zai riƙa kwana, a kan kwali.

Ranar da aka buɗe makewayin Baba magini ya zo da kansa. Ya karɓi buta ya tuttular da ruwa a gindin bangon zaure, muka yi cirko-cirko muna kallo. Ruwan ya taru, ya miƙe ɗoɗar ya nufi rariya, ko cikin cokali bai rage ba. Ya dubi Yaya Babba ya ce, "Alhaji, bangon nan in an bar shi ya bushe, aka kuma duba indararo kafin kowace damina, zai ga auren jikokinka." Yaya Babba ya sosa ƙeya ya ce shi dai a bar masa maganar shago zuwa bayan biki. Goggo ta ce, "Allah ya kai mu," ta juya ta ce da amarya ta ɗauko sabuwar tabarma, dangin ango sun aiko za su zo gaisuwa bayan la'asar.