Mai Sanin Daji Ba Jahili Ba Ne

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji, kusa da Gulbin Maraɗi. Yau zan ba ka labarin wata tafiya da na yi, da abin da ta koya mini.

Da daminar 2019 na je Yamai ƙarin horo. A hanyar dawowa muka tsaya Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Nan ne dajin raƙuman dawa. Muka ɗauki ɗan jagora, wani mutumin ƙauyen wurin. Ya dubi sawu a ƙasa. Ya dubi inda aka tsinki ganye can saman itace. Ya ce wa direba: "Bi nan." Ba mu daɗe ba sai ga su guda bakwai, suna kiwo abinsu.

Ya ce da damina suna zama kan tudun Kure. Da rani sai su gangara Dallol Boso, don gawo yana da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ashe su ma suna cin rani kamar mu! A 1996 guda 49 kawai suka rage. Da aka hana farautarsu, suka hayayyafa har suka wuce 600.

Da muka gama, muka biya shi. Na yi ta tunani a mota. Mutumin nan bai sayar mana da hatsi ko akuya ba. Saninsa ya sayar mana.

Daga baya na karanta cewa ana wannan sana'a har can ƙurewar arewacin duniya. A ƙasar Norwe akwai wani gari a bakin teku, sunansa Tiromso. Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a can. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuwa ba ta fitowa. A wannan lokaci na duhu da sanyi, garken ƙananan kifaye yakan matso gaɓa. Wasu manyan dabbobin ruwa, waɗanda suka fi giwa girma, sukan biyo su. Sai ƴan jagora su ɗauki baƙi cikin jirgin ruwa su kai su kallo. Jarinsu ɗaya da na mutumin Kure: sanin wuri da sanin lokaci.

Cikin ajina akwai wani dattijo, tsohon maharbi. Rannan alli ya gagare shi, sai ya aje allo ya ce: "Malam, ƙyale ni. Ni jahili ne."

Na ce: "Baba, yaushe shamuwa take zuwa?"

Ya ce: "Gab da ruwan farko, sai ka gan ta kan tsamiya tana sheƙa."

Na ce: "Tsuntsayen da ke cika tabki da hunturu fa?"

Ya lissafa mini su, da kukan kowane, da abin da yake ci. Ya faɗi inda barewa take kwana a da, da itacen da zuma ta fi so. Na ji kunya. Na yi makarantar horon malamai, amma rabin wannan ban sani ba.

Sai ya yi shiru, ya ce: "Jikokina ba su taɓa ganin barewa a dajinmu ba. In na mutu, ko sunayen nan ba wanda zai riƙe."

Tun ranar muka sayi littafi guda. Kowane mako muna rubuta suna biyar: na tsuntsu, na itace, na ciyawa, da watan da ake ganinsu. Da hannunsa ya rubuta "shamuwa". Sau huɗu yana gogewa, amma ya rubuta.

Ba zan ruɗe ka ba, ɗan uwa. Ban ce gobe baƙi za su zo ƙauyenku da kuɗi ba. A watan Agusta na 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, har da ɗan jagora, kuma abin ya karya wannan sana'a. Sai da kwanciyar hankali baƙo yake zuwa. Amma ka sani, a 2018 an ɗauko raƙuman dawa takwas daga can aka kawo su dajin Gadabeji, cikin jiharmu ta Maraɗi. Dabba in ta ɓace daga wuri, akan iya maido ta. Sanin da aka binne tare da mai shi ba ya dawowa.

Yanzu da ka iya riƙe alƙalami, je ka zauna gun tsohon garinku. Tambaye shi, ka rubuta. Ka aiko mana, mu ma mu ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.