Waiwaye: Shekarun da Kowa Ya Zama Mai Hannun Jari

Kafin shekarar 2004, maganar hannun jari ba ta cikin hirar yawancin mutanenmu. An kafa kasuwar hannun jari a Legas tun 1960, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, ta buɗe wani a Kano a 1989, amma masu shiga cikinta 'yan ƙalilan ne: manyan ma'aikatan gwamnati da wasu attajirai da suka sayi rabo a kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, lokacin da dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa baƙi sayar wa 'yan ƙasa wani kaso. Mai irin wannan jari yakan ninke satifiket ɗinsa ya ajiye tare da takardun gida da na gona, ya jira takardar ribar shekara ta zo masa ta gidan waya. Ba ya tambayar nawa farashi ya tashi yau, domin ba don ya sayar ya saya ba. Sauran jama'a kuwa, in kuɗi ya samu, fili ne ko shanu ko gwal, ko buhunan hatsi da za a ajiye zuwa bazara. Ga kuma shakkar addini, ganin cewa da yawa daga cikin manyan kamfanonin kasuwar ko dai bankunan kuɗin ruwa ne ko masana'antun giya.

Abin da ya sauya wannan yanayi sanarwa ce guda. Ranar 6 ga Yulin 2004, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ko ya rasa lasisi. Bankuna 89 suka rikiɗe zuwa 25. Tsohon Bank of the North, wanda 'yan Arewa ke gani a matsayin nasu, ya narke tare da wasu takwas aka samu Unity Bank. Kuɗin da bankunan ke nema babu inda za su same shi sai aljihun jama'a, don haka suka bazama. Talla ta cika rediyo da jaridu, fom ya cika kantocin bankuna, ma'aikatan banki kuma suka riƙa bin 'yan kasuwa har rumfunansu a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, kowanne an ɗora masa adadin da zai sayar.

Waɗanda suka saya a zagayen farko sun ga riba da idonsu, kuma labarinsu ne ya jawo sauran. Wa'adin Soludo ya wuce, amma bankuna ba su daina ba. A 2007 suka dawo zagaye na biyu da buƙatu mafi girma. First Bank ya nemi naira biliyan 100, kuɗin da mutane suka tura ya ninka haka sau da yawa, har sai da aka mayar wa masu saye rarar kuɗinsu. Mai gudun kuɗin ruwa ma ya samu ƙofar shiga, domin Dangote Sugar ya fito da nasa a kan naira 18, Dangote Flour ya biyo baya, ga Ashaka da sauran kamfanonin siminti. Transcorp, wanda gwamnatin Obasanjo ta ɗaure wa gindi, ya sayar da nasa a kan naira 7 da kwabo 50. Malamin makaranta ya zuba albashinsa, ɗan fansho ya zuba garatuti, uwargida ta kwashi adashi ta ba ɗanta ya cika mata fom. Shafin farashi na jarida, wanda da can ake naɗe tsire da shi ba a karanta ba, ya zama shi ake fara buɗewa a ofis.

Alƙaluma sun goyi bayan masu zumuɗi. A shekarar 2007 kaɗai, ma'aunin kasuwar ya tashi daga kusan 33,000 zuwa kusan 58,000, ƙarin sama da kashi 70 cikin 100. Ranar 5 ga Maris 2008 ya kai 66,371, darajar kamfanonin kasuwar gaba ɗaya ta haura naira tiriliyan 12. A irin wannan lokaci, wanda ya ce a yi hattara shi ake kallo a matsayin baƙauye. Ba a tambayar me kamfani ke sarrafawa, ko nawa ya ci riba bara. Tambayar ita ce, "Wanne ne zai tashi?" Har kamfanonin da suka daɗe da rufe masana'antunsu sai da farashinsu ya ninka. Wasu kuma suka riƙa karɓar kuɗin mutane a bayan fage da alkawarin za su shiga kasuwa nan da 'yan watanni, da yawansu ba su taɓa shiga ba.

Abin da talaka bai gani ba shi ne inda kuɗin da ke tura farashi sama yake fitowa. Bankunan da suka tara jari mai yawa sun rasa inda za su kai shi, sai suka shiga ba dillalai da ɗaiɗaikun mutane rancen sayen hannun jari. Ka kawo naka kaɗan, banki ya cika maka sauran, hannun jarin da ka saya ya zama jinginar bashin. Wasu bankunan ma rance suke bayarwa a sayi nasu hannun jarin, farashinsu ya tashi, su nuna wannan tashin su sake neman kuɗi a wajen jama'a. Muddin farashi na hawa, kowa na murna. Ranar da ya fara sauka, jingina ta gaza bashi, banki ya ce a kawo ciko ko ya sayar, sayarwar kuma ta ƙara karya farashin.

Haka kuwa aka yi daga Maris ɗin 2008. Masu jari na ƙasashen waje, da rikicin bashin gidaje ya matsa wa a Amurka da Turai, suka fara kwashe kuɗinsu. A watan Agusta hukumomin kasuwar suka kafa doka cewa farashi ba zai faɗi fiye da kashi 1 cikin 100 a rana ba. Dokar ba ta kawo masu saye ba, sai dai ta tsare masu son fita, aka cire ta bayan wata biyu. A tsakiyar Satumba bankin Lehman Brothers ya ruguje a Amurka. Gangar ɗanyen mai, da ta kai dala 147 a Yuli, ta dawo ƙasa da dala 40 a Disamba, ta bar masu shigo da man fetur da kayan da suka saya da tsada da bashin banki, ga naira ta karye. Ma'aunin kasuwa ya rufe shekarar a wajen 31,000, kafin ƙarshen Maris na 2009 ya gangaro ƙasa da 20,000. Mutum ya kai wa dillali takardar sayarwa, mako ya zagayo babu mai taya ko sisi.

Asiri ya gama tonuwa ne bayan Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi Babban Banki a Yunin 2009. Ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Da aka gama binciken sauran bankuna, tallafin ya kai biliyan 620. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, ta kuma ƙwace mata kadarori na kusan naira biliyan 190. A wannan shekarar ce aka sauke Ndi Okereke-Onyiuke daga shugabancin kasuwar, aka kuma kafa hukumar AMCON don ta sayi munanan basussukan bankuna. Masu ajiya sun tsira, masu hannun jari ba su tsira ba. A Agustan 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank ta sauya musu suna, satifiket ɗin masu jarinsu ya zama takarda kawai. An tafi neman ƙiba, an samo rama.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce kowa ya tashi a tutar babu. Wanda ya saya da kuɗinsa, a kamfanin da ke da kaya a kasuwa da riba a littafi, ya ci gaba da karɓar rabonsa shekara bayan shekara, ko da farashin ya daɗe a kwance. Waɗanda aka sayar da gidajensu da motocinsu su ne masu bashi, domin kuɗin ruwa bai jira kasuwa ta farfaɗo ba. Jiran kuwa ya yi tsawo: sai a ƙarshen Agustan 2023 ma'aunin ya sake taka inda ya tsaya a 2008. A tsakanin nan dala ta tashi daga kusan naira 118 zuwa sama da 700, wato ko wanda ya mayar da uwar kuɗinsa bai mayar da darajarta ba.

Wannan hali bai tsaya ga takardun Legas ba. Ajiye hatsi da kaka don a sayar da bazara tsohuwar sana'a ce, kuma masu ita a kasuwar Dawanau sun san ƙwari, sun san danshi, sun san lokacin sakin kaya. Amma da farashin masara da shinkafa ya yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024, sai waɗanda ba su taɓa auna tiya ba suka shiga cika sito, wasu da kuɗin aro. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, amfanin gona ya shigo, a 2025 farashi ya karye, da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kaya ne daban, amma lissafin ɗaya ne da na 2007: ya tashi jiya, don haka zai tashi gobe.

Yau fom ya koma cikin waya, saye da sayarwa ba ya wuce minti guda, kuma yawancin matasan da ke yi ba su yi wayo ba lokacin da iyayensu suka ƙone. Haƙƙinsu ne a kanmu mu ba su labarin yadda ya faru. Kasuwar hannun jari halastacciyar hanya ce ta juya dukiya ga mai haƙuri da ya san abin da ya saya. Kafin ka zuba kuɗinka, ka san me kamfanin ke sayarwa da ribar da yake ci, ka tabbata dillalinka na da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar, kada ka sa kuɗin da za ka buƙata kusa, kuma kada ka ci bashi don farashi na hawa.