Gaisuwar da Ta Jawo Mini Kunya a Buenos Aires

Watana biyu a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, inda na je karatun likitan dabbobi, ban yi aboki ko ɗaya ba. Daga aji sai ɗaki. Tsohon da nake haya a gidansa ya lura da haka, ran wata Asabar ya ce in sa takalmi mai kyau in raka shi milonga, wato zauren da ake taruwa a yi rawar tango.

Muna shiga na ga an jera tebura kewaye da fili, maza gefe, mata gefe. Kiɗa na tashi, idona ya haɗu da na wata dattijuwa sa'ar kakata. Tarbiyyar gida ta motsa, na sunkuyar da kai na gaishe ta. Ta yi murmushi, ita ma ta gyaɗa kai. Kowa ya miƙe ya shiga fili, ita tana zaune tana kallona, ni kuwa ina ta kurɓar lemo. Har aka gama waƙar farko ba ta tashi ba.

Maigidana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka san abin da ka yi kuwa?" A milonga ba a neman rawa da baki. Da ido ake yi: ka kalli mutum, in ya tsayar da ido a kanka, ka gyaɗa kai, in ya mayar, to an yi alkawari, sai namijin ya taka zuwa teburinta. Sunan wannan kabeseyo. Wadda ba ta so sai ta kawar da kai kawai, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Al'adar da aka tsara don rufa wa mutane asiri, da ita na bar baiwar Allah tana jira a gaban jama'a. Sai da ya kai ni na ba ta haƙuri da guntun Sifaniyancina, gumi na keto mini.

Daga ranar na koma ɗalibi. Na gane ana sa kiɗa rukuni-rukuni, waƙa uku ko huɗu, ana kiransa tanda, amma fa ba ta suyar waina ba. Tsakanin tanda da tanda akwai ɗan gajeren kiɗa na daban, kortina, ma'ana labule, lokacin da kowa ke komawa mazauninsa. Wanda ya ce wa abokin rawarsa "na gode" a tsakiyar tanda, sallamarsa ya yi. A fili kuma kowa na zagayawa ne akasin tafiyar hannun agogo, ba a tsallake na gaba.

Da na shiga ajin koyo, tun ranar farko na gaya wa malamin cewa addinina da tarbiyyata ba su ba ni damar riƙe macen da ba muharramata ba. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce ai a da ma samarin birnin da junansu suke atisaye kafin su fito milonga, ya haɗa ni da wani direban tasi. Wata guda cur tafiya kawai muke koya: yadda za ka ɗora nauyinka kan ƙafa ɗaya, ka saurari kukan bandoniyon, kayan kiɗan da aka kawo daga Jamus, kafin ka taka. Ni da na saba zuwa na ɗaya a aji, na taka ƙafar direban nan ya fi a ƙirga.

Tango ta taso ne a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawan Buenos Aires da Montevideo, inda baƙi daga Turai suka cuɗanya da jikokin bayi 'yan Afirka, kuma a 2009 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon al'adun duniya. Baƙi ne suka gina ta, ni ma a baƙo na shige ta.

Ƙannena, wataran karatu ko neman abinci zai kai ku inda ba ku san ƙa'ida ba. Ku zauna ku yi kallo tukuna, ku tambayi dattijon wurin, ku faɗi iyakarku da wuri ba tare da zagin al'adar kowa ba. Dattijuwar nan kuwa, har na bar ƙasar, duk ran da na raka maigidana milonga sai ta rufe idonta da tafin hannu tana dariya, wai kada in sake gaishe ta.