Mu Fulani ne, amma da aka ce "ndiyam" bargo muka kawo

Mu uku ne jikokin da muka tashi a ɗakin kakarmu a unguwar Yola, cikin birnin Kano. Biyu daga cikinmu muna aji biyu a jami'a, ƙaramarmu kuma tana ajin ƙarshe na sakandare, kamar da yawa daga cikinku. Dada muke kiran kakar tamu. Tun tana yarinya aka kawo ta birni aure daga wata ruga ta wajen Birnin Kudu, ta shekara fiye da sittin tana Hausa, har da karin magana da habaici. Fulatanci kuwa sai idan ta yi baƙi daga ƙauye muke jin sa a bakinta, mu kuma mu tashi mu ba su wuri.

Bara, bayan Babbar Sallah, ta yi ciwon da ya taɓa ɓarin jikinta. Da ta fara samun sauƙi sai muka lura Hausarta ta ragu, harshen yarintarta ya dawo. Wani dare ta yi ta cewa "ndiyam, ndiyam". Muka kawo mata bargo, ta ture. Muka kawo magani, ta kau da kai. Sai da muka taso mahaifinmu daga barci, shi ma ya ɗan yi jim kafin ya tuna, ya ce, "Ruwa take nema." A daren nan babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Ga randa a bakin ƙofa, ga jikoki uku a kanta, amma tsohuwa ta kusa rabin sa'a da ƙishirwa.

Abin kunyar shi ne mu ne kan gaba wajen cewa mu Fulani ne. Mun haddace tarihin gidanmu tsaf. Mun san Sarki Alwali ne sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, mun san Sulaimanu ya gaje shi bayan jihadi, sannan Ibrahim Dabo ya hau a 1819. Mun san Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa. Idan abokanmu Barebari suka tsokane mu, mukan rama har da ƙari. Amma a dukkan gidan nan namu, babu matashi ɗaya da zai iya haɗa jimla guda da harshen da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka rubuta waƙoƙi masu yawa da shi. Irinmu ake kira Fulanin gida. Washegari muka sayi littafin rubutu na naira ɗari biyu, muka ce mun fara koyo.

Makon farko daɗi ya yi mana. Mun samu haruffan ɓ da ɗ da ƴ suna nan kamar na Hausa, don haka bakinmu bai sha wahala ba. Wani abin farin ciki kuma, Fulatanci ba ya bambanta kalmomi da hawa da saukar murya yadda Hausa take yi. Muka koyi gaisuwa: "Jam waali?" a amsa "Jam." Muka koyi ƙirga: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Shida kuma biyar da ɗaya ce kawai, bakwai biyar da biyu, har zuwa sappo, wato goma. Muka ce ashe abin ba wuya. Ba mu san wankin hula zai kai mu dare ba.

Jam'i ne ya fara kayar da mu. A Hausa idan za ka mayar da abu ɗaya ya zama da yawa, galibi ƙarshen kalma ko tsakiyarta kake taɓawa: gida, gidaje. A Fulatanci har harafin farko canzawa yake. Namiji ɗaya gorko ne, maza kuwa worɓe. Mace ɗaya debbo, mata rewɓe. Ɗaki suudu, ɗakuna cuuɗi. Bafulatani ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. A nan ne ma muka gane cewa Kaɗo da Haɓe da muke faɗa tun muna yara kalma ɗaya ce, tilo da jam'inta. Mun taɓa ɓata maraice guda muna neman rewɓe a wani tsohon ƙamus da muka aro, ba mu san debbo da muka koya jiya ita ce dai ta canza riga ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga rukunan suna. Hausa namiji da mace da jam'i kawai ta sani. Fulatanci yana da rukuni fiye da ashirin, kowanne da ɗan guntun kalmar da ke bin sa. Ruwa da nono suna rukunin ɗam, doki yana rukunin ngu, ɗaki yana ndu. Saniya da rana da wuta kuma duk suna rukuni guda, nge. Ƙaramarmu ta tambayi Dada me ya haɗa saniya da rana, tsohuwa ta dube ta kamar ta tambayi me ya sa ruwa yake da laima.

Saniya da ranar nan su ne suka ja mana dariya a bainar jama'a. Akwai wata baiwar Allah da ke kawo nono da fura kusa da Kasuwar Kurmi. Muka shirya jimla tun daga gida don mu burge ta. Babbanmu ya so ya ce rana ta yi zafi, maimakon naange sai ya ce nagge, ya sanar da ita cewa saniya ta yi zafi. Ita da abokan tallarta suka yi dariya har da riƙe ciki. Da ta share hawaye sai ta ce da Hausa, "Samari, nonon nawa za a zuba muku?" Wannan amsar ta fi dariyar ciwo. Duk Bafulatanin da muka tara da 'yar gaisuwarmu, da ya ji mun yi tuntuɓe sai ya koma Hausa don ya sauƙaƙa mana. A Kano babu abin da zai tilasta maka yin wani harshe, Hausa ta ishe ka tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga.

Sai kuma rikicin karin harshe. Mun dogara da bidiyoyin waya, ba mu san wasu daga Gini da Senigal suke ba, wasu daga Adamawa. Mun koyi "a jaaraama" a matsayin godiya, muka ji wani malamin yana cewa "useko", wani kuma "mi yetti". Har wani rubutu muka gani da ba boko ba, ba ajami ba, daga baya muka ji sunansa Adlam, wasu 'yan'uwa biyu ne, Ibrahima da Abdullahi Barry, suka ƙirƙiro shi a Gini wajen 1989 suna yara. Kanmu ya ɗaure. A wata na uku, lokacin jarrabawa, littafin nan ya yi mako uku a ƙarƙashin katifa babu wanda ya buɗe shi. Ɗayanmu ya fito fili ya ce ya haƙura, ai babu mai ɗaukar mutum aiki don ya iya Fulatanci.

Abin da ya dawo da mu wata lacca ce ta ilimin harsuna. Malamin ya kawo misalin harshen Welsh, na mutanen yankin Wales a Birtaniya, ƙasar su Gareth Bale. Ashe su ma harafin farko yana canza musu: sunan ƙasar Cymru ne, amma idan za ka ce "zuwa Wales" sai ya koma Gymru, "a Wales" kuma Nghymru. Ingilishi ya danne harshen kamar yadda Hausa ta danne Fulatanci a birni. A ƙarni na 19 har wani katako ake rataya wa yaron da aka kama yana Welsh a wasu makarantu. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin sa sun ɗan haura dubu 538, amma gwamnatin yankin ta sa burin kai su miliyan ɗaya kafin 2050, manya da yara suna komawa aji. Masu koyon nasu ma kukansu ɗaya da namu: da sun yi kuskure sai a amsa musu da Ingilishi. Muka ce to ashe ba mu ne dakikai ba, hanyar ce haka take.

Muka sake tsari. Kalma biyar kawai a rana, kuma ba ma karɓar kalma sai da jam'inta da rukuninta, kamar yadda ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya. Muka ajiye bidiyoyin nesa, muka ce Fulatancin Dada shi ne namu, sauran ma ji su daga baya. Muka liƙa takardu a jikin randa da ƙofa da gado. Bayan sallar Isha'i mukan zauna da ita rabin sa'a, ba a yin Hausa, wanda ya yi shi zai wanke kwanuka. Muka koma wurin mai nono muka roƙe ta, muka ce, "Inna, don Allah ko mun ɓata ki gyara mana, kada ki koma Hausa." Ta yarda, yanzu ma sai mun faɗi kuɗin daidai take miƙo ƙwarya. Ita ta koya mana munyal, wato haƙuri, ta ce duk wanda ba shi da shi bai fara zama Pullo ba.

Yau wata takwas ke nan. Ba mu iya ba tukuna. Idan muka kama shirin Fulatanci na Rediyon Najeriya Kaduna, kalmomi muke tsinta ɗaya ɗaya kamar kaza a masussuka. Amma makon jiya Dada ta ba mu labari mai tsawo, muka fahimci kamar kashi ɗaya cikin uku. Labarin wata farar saniya ce da mahaifinta ya ba ta, da wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin a kawo ta birni. Sunan ƙanwar ne take yawan kira da dare, mu kuma muna zaton ruɗewar ciwo ce. Mahaifinmu, mai shekara hamsin da ɗoriya, bai taɓa jin yana da wannan innar ba sai a bakinmu.

'Yan'uwa ɗalibai, ba Fulani kaɗai wannan ya shafa ba. Ku duba sunayen unguwanninmu: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa, Dandalin Turawa. Kowacce tana tuna mana wani harshe da aka taɓa yi a tsakar gidajenta. Idan a gidanku akwai tsoho ko tsohuwar da har yanzu take riƙe da irin wannan harshe, ku je yau ku tambaye ta yadda ake cewa ruwa, ku rubuta. Za a yi muku dariya, mu ma an yi mana, kuma har gobe mai nono tana tambayar babbanmu ko saniyar ta huce.

Allah Ya ba Dada lafiya, Ya ba iyayenmu da naku tsawon rai.