Ɗan Harafin da Ke Ɓacewa a Kunne

A cikin abubuwan da na koya tun zuwana karatu ƙasar Holand, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar batun harafin "t". A harshen mutanen ƙasar, wato Holanci, mai tafiya da kansa zai ce "ik loop", amma idan wani ne yake tafiyar sai a ce "hij loopt". Ɗan sauti ne mai rauni a wutsiyar aikatau, wanda ko hayaniyar aji tana iya haɗiye shi.

Kowane yaro a nan da guntayen jimloli yake farawa. Ɗan shekara biyu zai ce "papa koekje eten", kamar a ce "baba biskit ci", ya ajiye aikatau a ƙarshe ba tare da ya sarrafa shi ba. A hankali yake jawo shi zuwa gurbi na biyu, ya liƙa masa "t". Akwai kuma "de" da "het" da ake sa wa sunaye, kamar yadda muke rarrabe "rigar" da "wandon". Ko yara masu lafiyar kunne sukan kai shekara shida suna cakuɗa su.

Ga yaron da ba ya ji sosai, wannan zango yakan yi tsawo. Ɗiyar maƙwabciyata, 'yar shekara bakwai, an dasa mata na'urar ji tun tana jaririya. Ta fi ni yawan kalmomin Holanci nesa ba kusa ba, kuma wajen lissafi ba a kama ƙafarta, amma har yanzu "t" yana kuɓuce mata. Abin da kunne bai cika kamawa ba, baki yakan daɗe bai furta shi ba. Akwai kuma yaran da kunnensu garau, basirarsu garau, amma tsarin jimla ke ba su wuya. A nan ana kiran matsalar TOS, kuma akwai ƙwararru masu horar da su.

Abin da ya burge ni shi ne rashin jinkiri. A yankin masu jin Holanci na Beljiyam, tun 1998 ake gwada kunnen jarirai, Holand kuwa ta game ƙasar da gwajin a 2006. A 2020 majalisarta ta amince da maganar hannu ta kurame a matsayin harshe na hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma Hausarmu a kan ƙananan sautuka take tsaye. Tsakanin "ya zo" da "ta zo" harafi ɗaya ne tak. Don haka idan akwai wani a ajinku da kullum yake sassarƙe jimla, ko sai an maimaita masa magana sau uku, kada ku yi saurin ce masa daƙiƙi. Ku fuskance shi idan za ku yi masa magana, ku bar masa bencin gaba, ku kuma gaya wa malami ya shawarci iyayensa su kai shi a duba kunnensa.